Susanna biyu da masunci ɗaya: abin da Opera North za su kawo mana bana a Leeds

Jiya na dawo daga aikin dare wajen ƙarfe takwas na safe, ƙafafuna sun yi tsami, ina buɗe ƙofa na tarar an zuro min ɗan littafin Opera North, kamfanin wasan opera na nan Leeds, ta ramin wasiƙu tare da takardar kuɗin wuta da tallan masu sayar da fiza. Ko takalmi ban cire ba na zauna a matattakala na hau buɗawa, baccin da nake ji a cikin bas duk ya tafi. Jerin wasannin kakar 2025 zuwa 2026 ne a ciki, kuma wallahi tun da na fara bin su ban taɓa ganin shekarar da ta taɓa min zuciya tun kafin a fara ba irin wannan.

Nasan wasu za su ce yau kuma me ya haɗa 'yar Zariya da opera, toh bari in fara daga nan dan ni ma da can haka nake gani, abu ne na tsofaffin Turawa masu kuɗi da ke sa kwat su je su zauna ana yi musu ihu da Italiyanci. Wata abokiyar aikina ce 'yar asalin Indiya ta ja ni a watan Oktoba na 2022, tace min 'yar'uwa zo mu je, yau kiɗan garinmu za a yi a Grand Theatre. Ashe labarin Orpheus ne na Monteverdi, wani mai tsara kiɗa ɗan Italiya, wanda aka fara yi tun 1607, suka haɗa shi da kiɗan gargajiyar Indiya, wani saurayi makaɗin sitar, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Indiya, ɗan garin Leeds ɗin nan mai suna Jasdeep Singh Degun shi ya yi aikin tare da madugun makaɗa Laurence Cummings. Da aka ɗaga labule sai ga bayan gida irin na unguwanninmu na nan, ga shinge, ga fitilun biki an rataya, makaɗan suna zazzaune a gefe cikin furanni kamar 'yan uwan amarya, ana waƙa da Italiyanci sai a juya Hindi a juya Urdu a juya Tamil. Ita abokiyar tawa tana ta share hawaye da bakin gyalenta tun kafin amaryar ta mutu. Ni kuwa abin da ya ɗaure min kai shi ne ƙarfin muryoyin. Mutum ɗaya zai tsaya ya buɗe baki, ga makaɗa suna ta yi, amma muryarsa ta taso ta same mu can ƙololuwar bene inda muke zaune, ɗakin da ke ɗaukar mutum wajen 1,500.

In kina son ki gane opera cikin sauƙi ki tuna tashe. Yara su yi shiga, su zo ƙofar gida da gwangwanayensu, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, labari ne ake yi amma duk a cikin waƙa, kuma a ƙarƙashin wasan akwai maganar da ake son a gaya wa manya. Toh shi ne aka girmama shi, aka ba shi ɗaki da fitilu da makaɗa masu yawa a wani rami gaban dandamali, aka kuma rubuta kowane sauti a takarda yadda ko bayan shekara 200 za a iya maimaita shi. Maganar yare kuma ba matsala ba ce, akwai alluna a gefe da gefen dandamalin suna nuna abin da ake faɗa da Turanci.

Shi kamfanin dai ba na Landan ba ne, nan Leeds ne gidansa, a titin New Briggate, in kin fito daga kasuwar Kirkgate 'yar tafiya ce kaɗan. Da farko reshe ne na English National Opera, suka yi wasansu na farko a Nuwamban 1978 da labarin Samson da Dalila, sai a 1981 suka tsaya da ƙafarsu da sunan da ake kiransu yanzu. Shi kansa ginin Grand ɗin tun 1878 yake. Abin da ke burge ni da su shi ne ba sa zama wuri ɗaya, in sun gama a Leeds sai a loda kayan dandamali a manyan motoci a nufi Newcastle, a je Salford kusa da Manchester, a je Nottingham, wani lokacin harda Hull, kowane gari a yi kamar mako ana juya wasannin dare bayan dare. Makaɗansu da 'yan amshinsu ma'aikatan dindindin ne, a nan suke zaune da iyalansu, manyan mawaƙan da ke jan wasa ne kawai ake ɗauko su wasa-wasa. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a yanzu, dan tun da hukumar da ke rabon kuɗin fasaha a Ingila ta yanke wa wasu kamfanonin opera kasonsu a ƙarshen 2022 abubuwa suka canza, Glyndebourne suka soke zagayensu na 2023, na Wales suka daina zuwa Liverpool, su kuma English National Opera aka ce su nemi gida a wajen Landan har suka zaɓi Manchester. Garuruwa da yawa a arewacin ƙasar nan in ba motocin Opera North ne suka iso ba toh shikenan. Wadda ke riƙe da kamfanin yanzu Laura Canning ce, ta karɓa a ƙarshen 2023 daga hannun Richard Mantle da ya riƙe shi tun 1994, madugun makaɗan kuma a kakar 2025 zuwa 2026 Garry Walker ne ɗan Scotland.

Toh ga abin da ke tafe. A kaka, daga watan Oktoba, akwai Susanna ta Handel da La bohème ta Puccini. In sanyi ya kankama bayan sabuwar shekara sai Auren Figaro na Mozart da Peter Grimes na Benjamin Britten, su huɗun nan su ne suka tsara kiɗan wasannin.

Bohème ita ce wadda zan ce wa duk wanda bai taɓa zuwa ba ya fara da ita. Samari huɗu ne 'yan haya a wani ɗakin sama a Paris, babu kuɗin wuta babu na abinci, sanyi ya ishe su har ɗayansu marubuci ya ɗauko rubutun da ya daɗe yana yi ya cusa a murhu dan su ji ɗumi na minti biyu, sai ga mai gida ya zo karɓar kuɗin haya. Duk wanda ya yi hunturunsa na farko a ƙasar nan yana ɗalibi, yana kallon mitar wuta tana cinye fam biyar ɗin ƙarshe, ya san ɗakin nan ba sai an yi masa bayani ba. Sai wata maƙwabciya mai ɗinki, Mimì, ta ƙwanƙwasa ƙofa kyandirinta ya mutu tana neman a kunna mata, makullinta ya faɗi a duhu, suna lalube hannunsa ya taɓa nata ya ji shi sanyi ƙalau. Tarin fuka ne da ita. A ƙarshe ƙawarta ta cire 'yan kunnenta ta bayar a sayar a sayo magani, ɗaya daga cikin samarin ya ɗauki tsohuwar rigar sanyinsa guda ɗaya tilo, ya yi mata waƙar bankwana kafin ya kai ta jingina. Ni da nake aikin jinya wannan wajen rigar ne ke karya ni, dan na sha ganin irinsa a bakin gadon marar lafiya, mutum ba shi da abin yi sai ya nemi wani ɗan abu da zai bayar ko da ya san ba zai hana komai ba. An fara yin ta a Turin a 1896, wannan tsarin da za a nuna kuma na Phyllida Lloyd ne da ta yi wa kamfanin tun 1993, sun daɗe suna dawo da shi dan mutane ba sa gajiya da shi.

Amma Susanna ce ta sa na kasa tashi daga matattakalar nan. Handel ya fito da ita a Landan a 1749, da Turanci ake rera ta, kuma asalinta ba wasan dandamali ba ce, mawaƙa tsayawa kawai suke su rera, yanzu ne ake mata shiga da motsi. Labarin daga littafin Daniyel yake. A Babila ne, mijin Susanna ya yi tafiya, wasu dattawa biyu da gari ke girmamawa, masu yanke wa mutane hukunci, suka laɓe a lambu suna leƙen ta tana wanka, suka fito suka neme ta ta ƙi. Sai suka ce toh za mu ce mun kama ki da saurayi. Suka kuwa faɗa, gari ya yarda tunda ai manya ne suka faɗa, aka yanke mata hukuncin kisa. Ana shirin tafiya da ita wani yaro matashi, Daniyel, ya fito daga cikin taro yace a raba dattawan nan a tambayi kowa shi kaɗai, a ƙarƙashin wace bishiya kuka gan su? Wannan ya kira wata bishiya, wancan ya kira wata daban. Tambaya ɗaya tak, wadda duk manyan garin babu wanda ya yi tunanin yin ta.

Ina karantawa sai ga wata baiwar Allah ta faɗo min a rai, ta unguwarmu, ba zan faɗi ko harafin sunanta ba. Ina 'yar shekara 14 lokacin. Mijinta ya tafi ci-rani Legas, sai magana ta ɓulla wai ana ganin wani yana shiga gidan da dare. Babu wanda ya ce shi ya gani da idonsa, kowa cewa yake an ce. Ina tuna ta a bakin famfo da safe, ta zo da bokitinta na roba shuɗi, tana isowa hira ta ɗauke ɗif, matan da ke layi kowa ta sunkuyar da kai tana gyara gammo, ta yi sallama aka amsa a ciki-ciki, ta tsaya can gefe ita kaɗai har layi ya zo kanta babu wadda ta ɗora mata. Da kanta ta durƙusa ta kai bokitin gwiwa sannan ta kai ka, ruwa na zubo mata a wuya. Ina tsaye ina kallo ban matsa ba. Kuma da na je makarantar allo da yamma ni ma na ba ƙawayena labarin, harda ƙari, dan ina jin daɗin ni ce mai sabon labari. Mijin ya dawo ya sake ta, ta koma ƙauyensu da goyo. Sai bayan shekaru aka gane wanda ya fara kunna maganar mutum ne da ya neme ta ta wulaƙanta shi, mai shiga sahun gaba a masallaci. A lokacin duk mun san ayar, an karantar da mu a Suratun Nur cewa wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ne hukuncinsa kuma ba a sake karɓar shaidarsa, amma a duk unguwar ba a samu mutum ɗaya da ya ce wa ya gani, yaushe, a ina ba.

Na kira Umma a waya jiyan da rana nake ba ta labarin wasan, nace Umma kin tuna wance? Ta yi shiru, can tace, ke dai bari 'yar nan, Allah Ya yafe mana, baki shi ke yanka wuya. Tace ta ji labarin ta sake aure a can kuma ɗan nata har ya yi aure.

Anna Dennis ce za ta fito a Susanna, Olivia Fuchs ta tsara wasan, wata Bajamushiya Johanna Soller za ta ja makaɗa, kenan mata ne a kan ragamar labarin kuma ina ganin da gangan aka yi hakan. Sannan tare za su yi da 'yan rawar Phoenix Dance Theatre, wanda shi ma abin alfaharinmu ne mu baƙaƙen fata na garin nan, dan samari uku ne baƙaƙe suka kafa shi a 1981, David Hamilton da Donald Edwards da Vilmore James, waɗanda suka koyi rawa a makarantar Harehills, unguwar da nake zaune yanzu, inda muke sayen doya da manja. Na ga haɗin gwiwarsu a 2023 lokacin da suka yi Requiem na Mozart tare da 'yan rawa daga Cape Town, har yau in na tuna yadda suke ɗaga juna sama kamar masu ɗaukar gawa sai tsigar jikina ta tashi.

Abin mamaki kuma a Auren Figaro ma sunan yarinyar Susanna, ita ma babban mutum ne ke bin ta. 'Yar aiki ce a gidan wani basarake, ranar aurenta da Figaro maigidan ke ta ƙulle-ƙullen yadda zai same ta kafin angon, sai ta haɗa kai da uwargidan suka yi musayar kaya a lambu cikin duhu, ya zo yana zuba wa matarsa kalaman soyayya yana zaton 'yar aikin ce. Wannan na dariya ne, an fara shi a Vienna a 1786, kuma sabon tsari za su yi masa bana. Zan je in Allah Ya yarda dan kiɗan Mozart yana wanke kai, amma ba shi ne ke gabana ba.

Peter Grimes nake jira, kuma ina jin tsoronsa. Ban taɓa ganin sa a dandamali ba, a waya kawai nake saurare in ina dawowa daga aiki. Britten mutumin bakin teku ne, a Lowestoft aka haife shi a 1913, ya ɗauko labarin daga wata tsohuwar waƙar George Crabbe, aka fara nuna shi a Landan ranar 7 ga Yuni 1945, wata guda kenan da gama yaƙi a Turai. Wani masunci ne a ƙaramin gari, ba ya shiga mutane, yaron da ke koyon aiki a hannunsa ya mutu a teku. Wasan yana buɗewa ne da zaman bincike, mai shari'a yace tsautsayi ne, amma gari ya riga ya yanke nasa hukuncin, shi kansa Grimes yana ta roƙo a bar shi ya yi bayani dan ya san maganar ba za ta mutu ba. Wata malamar makaranta da mijinta ya rasu, Ellen Orford, ita ce ta tsaya masa, ta je da kanta ta ɗauko masa wani yaron daga gidan marayu. Sai ranar Lahadi ana cikin coci ta ga rigar yaron a yage, ta ga tabo a wuyansa.

Nan ne labarin ya fi na Susanna wuya, dan Susanna ba ta yi komai ba, shi kuwa Grimes yana da hannu, mutum ne mai zafin zuciya da ke aikin yaro kamar jaki saboda yana son ya tara kuɗi ya rufe bakin mutane. Amma su mutanen garin fa? Sun san yadda ake sayo marayun nan a kai su teku, babu wanda ya taɓa cewa a daina, mai wa'azinsu mashayi ne, mai shari'ar yana bin 'yan mata a mashaya, wata gwauruwa mai shan ƙwaya ita ce uwar tsegumi. Da suka tashi sai suka ɗauki ganga suka yi gayya zuwa bukkarsa, jin tahowarsu ya sa ya gaggauta yaron ya sauka ta bakin dutse, yaron ya zame ya faɗa ya mutu. Ni dai in na ji wajen nan yaran da ake turowa birni aikatau ko almajirci nake tunawa, kowa na gani kowa na wucewa, sai ranar da wani abu ya faru a taru a kan mutum ɗaya. A ƙarshe gari duka ya fita farautarsa cikin hazo suna kiran sunansa da murya ɗaya, su yi shiru, su sake kira, ba kiɗa ba komai sai ƙahon hazo daga nesa. Wani tsohon matuƙin jirgi yace masa ya ja kwalekwalensa can tsakiyar teku ya nutsar da shi. Gari ya waye, wani yace an hango jirgi na nutsewa, aka ce ai jita-jita ce, kowa ya koma gyaran komarsa.

A waƙoƙinmu na gida 'yan amshi aikinsu su ƙarfafa abin da mai waƙa ya faɗa, su riƙe masa kiɗa ya huta. A Grimes 'yan amshin su ne garin, su ne abin tsoron, kuma 'yan amshin Opera North an san su da wannan wasan, tsarin Phyllida Lloyd ne na 2006 wanda har lambar yabo ya ci, John Findon ne zai fito a Grimes ɗin wannan karon. Ranar da na fara jin wajen kiran sunan nan ina cikin bas ne a kan Roundhay Road, sai da na cire abin kunnen na riƙe a hannu, dan muryar matan bakin famfo na ji a ciki harda tawa.

Maganar kuɗi, kada kowa ya tsorata. Kujerun sama ba su da tsada, 'yan ƙasa da shekara 30 akwai tsarin da ake ba su tikiti a fam 10, ɗalibanmu da ke jami'o'in garin nan ku yi rajista kawai. Ba a kuma dole sai an yi wata shiga ta musamman, ni da atamfata da hijabina nake zuwa in ɗora rigar sanyi a kai, babu wanda ya taɓa min kallon banza, wata tsohuwa ma da muka zauna kusa ta taɓa kama hannun rigata tana tambayar inda ake sayar da irin yadin. Ana hutun rabin lokaci, masu zuwa mashaya su je, mu kuma mu sayi shayi ko askirim mu zauna. Matattakalar saman ce dai tana da tsayi sosai, mai ciwon gwiwa ta nemi kujerar ƙasa. A hunturu magariba tun wajen ƙarfe huɗu take yi, har isha'i mutum zai yi a gida kafin ya fito tunda sai wajen bakwai ake farawa. Azumi ne zai kama a tsakiyar Fabrairu, saboda haka wasannin sanyin ranakun farko-farko zan nema, ba na son su haɗu min da tarawihi.

Na riga na roƙi a canza min aikin dare ɗaya a Oktoba, na kuma sayi tikiti biyu na Susanna. Ɗayan na maƙwabciyata ne 'yar Maraɗi da ta zo bara, mijinta na aiki a wani gari sai ƙarshen mako yake dawowa, kullum tana ɗaki ita da yara. Da na gaya mata tace Anti ni da ba na jin Turancin sosai me zan gane? Nace ki zo kawai, labarin zan ba ki a bas kafin mu isa. Tace toh wa zai riƙe min yaran, nace 'yata babba tana nan, ta riga ta yarda.